Tabaran Duniyar Kwaikwayo a Ɗakin Likitan Haƙori

Akwai wata dabara da likitocin haƙori ke gwadawa domin rage fargabar majinyata, wato tabarau mai nuna duniyar kwaikwayo, na'urar da ake ɗaura wa mutum a fuska ta rufe masa ido ruf, ta nuna masa wani wuri da kwamfuta ta ƙera har ya ji kamar yana cikinsa.

Tushen dabarar shi ne hankalin ɗan Adam ba ya iya ɗaukar abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma zafi yakan tsananta gwargwadon yadda hankali ya tattaru a kansa. A kan wannan fahimta ne Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da ke Amurka suka ƙirƙiro SnowWorld, duniyar dusar ƙanƙara da ake nuna wa masu ƙunar wuta yayin da ake wanke musu rauni.

Binciken da ya fi jan hankali a fannin haƙori shi ne wanda aka wallafa a 2017, wanda jami'o'in Plymouth da Exeter da Birmingham suka gudanar tare da wani asibitin haƙori a yankin Devon na Ingila. An raba majinyatan da ake cire wa haƙori ko ake yi wa ciko gida uku: wasu aka yi musu aiki yadda aka saba, wasu suka zaga wani birni na kwaikwayo, wasu kuma suka yi yawo a gaɓar tekun Wembury ta kwaikwayo. Waɗanda suka bi gaɓar teku sun ba da rahoton ƙarancin zafi da fargaba, kuma bayan mako guda ba su tuna aikin da ɗaci ba, alhali masu zaga birni ba su sami wannan sauƙi ba. Ke nan abin da ake nunawa a cikin tabaran ya fi tabaran kansa muhimmanci.

Tabaran dai ba ya maye gurbin allurar kashe zafi da ake yi a dasashi, illa dai yana ɓoye wa majinyaci tsinin allurar da kayan aikin da ke kan tire, ko da yake ƙarar na'urar huda haƙori tana ratsa ƙashin muƙamuƙi ta isa kunne duk da haka. Wasu yakan sa su jiri ko tashin zuciya, sannan dole a zaɓi hoton da ba zai sa majinyaci ya riƙa juya kai ba alhali likita yana aiki a bakinsa.