Ciwon Kai Mai Naci: Sau Da Yawa Ƙwayar Ce Ke Ciyar Da Shi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dambatta ko ta Bichi ya san masu tallan magani da ke ratsa rumfuna da kwali a ka, kuma ya san babu hajar da ta fi tafiya a hannunsu kamar maganin ciwon kai. Manomi ya wuni a duƙe yana firi, ya dawo kansa na sara, ya sayi ƙwaya biyu ya kora da shayi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har abin ya zame masa kamar goro.

Yawancin ciwon kan da ke damun mutanen karkara ba shi da wata ɓoyayyiyar cuta a bayansa. Zafin bazara ne, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da ƙishirwa, da yunwa, da ƙarancin barci. Ga mata kuma akwai dakon ruwa da itace, da hayaƙin murhu. Akwai kuma ciwon ɓarin kai, wanda ke bugawa gefe guda, ya zo da tashin zuciya da ƙin haske, ya ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3. Wannan ya fi kama mata, kuma yana bin jini. Mai goro shi ma ya san nasa, a ranakun farko na azumi.

To, amma abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, ƙwayar da ake sha don a kashe ciwon, ita kanta tana haifar da shi. Likitoci sun ƙayyade abin: wanda ke shan farasitamol ko asfirin kwana 15 ko fiye a kowane wata, har wata 3, yana iya wayar gari da ciwon kai kullum, watau da zarar ƙarfin maganin ya sauka sai kan ya tashi yana neman wani. In kuwa haɗin nan ne mai sinadarin da ke cikin goro da shayi, ko tiramol, ko kodin, kwana 10 a wata sun isa. Mai talla ba zai faɗa maka wannan ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ga kuma asfirin a kan yunwa, wanda ke janyo gyambon ciki.

Maganin wannan ba shi da daɗin ji, domin dainawa ce. Ciwon zai ƙaru na mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ya fara lafawa, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su koma gidan jiya. Wanda ya saba da tiramol kada ya yanke shi kaɗai, sai da likita. Ga mai ɓarin kai akwai magunguna masu araha da ake sha kullum don hana shi tasowa, amma likita ne ke rubuta su.

Akwai ciwon kan da ba a kwana da shi. In ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, a tuna da sanƙarau na 1996, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, Kano na cikin inda ya fi ɓarna. Allurar rigakafin da aka fara a 2011 ta karya lagon iri ɗaya ne kawai. Haka mace mai juna biyu da ke ciwon kai tana ganin dishi-dishi, ƙafafu sun kumbura: jijjiga ce ke tafe, mota za a nema, ba wanzami ba. Haka kuma ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da karkacewar baki. Shi kuwa hawan jini yakan zauna shiru ba tare da ciwon kai ba, awo kaɗai ke tona shi, kuma ana yin awon a asibitin Dambatta da na Bichi.

Mai shirin ganin likita ya riƙa jan layi da gawayi a bango duk ranar da kan ya yi ciwo, da wani layin duk ranar da ya sha ƙwaya. Bayan wata guda ya ƙirga, ya tattara ɓawon magungunan a leda ya tafi da su.