Ba Rana Ce Ke Ba Siminti Ƙarfi Ba

Duk lokacin da gini ya rufta, kafin a gama tono mutane saƙonnin murya sun fara yawo a WhatsApp: wai kamfanoni sun rage wa siminti ƙarfi, wai na yanzu toka ce aka ɗura a buhu. Na ji wannan magana bayan benen nan mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021, na sake jin ta da ginin makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, aka rasa rayuka 22. Muhawarar ta daɗe. Tun a 2014 hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fito da ƙa'idar cewa siminti mai lamba 32.5 na filasta ne, mai 42.5 na bulo da ginshiƙai da dekin, mai 52.5 na gadoji, masana suka yi ta ja-in-ja a kai.

Kowa ya riƙe lambar, amma kaɗan ne suka tambayi yadda ake samo ta. A ɗakin gwaji ana kwaɓa simintin da yashi, a zuba a 'yan ƙananan ma'aunai, in ya kama a tsoma su cikin ruwa, sai sun cika kwana 28 a fito da su a danne da inji har su fashe. Nauyin da suka jure shi ne lambar da ke jikin buhu. Wato ƙarfin da ka biya kuɗinsa a cikin ruwa aka auna shi. Mu kuma sai mu buga bulo da safe, mu shanya shi a ranar bazarar Kano ko Sakkwato mai zafin da ya haura digiri 40, mu ce a bari ya bushe ya yi ƙwari.

Wannan kalma ta "bushewa" ita ce ke damuna, kuma na san inda muka gado ta. Kakanninmu da tubalin ƙasa suka yi gini, shi kuwa tubali rana ce ke ƙarfafa shi, ruwa ne maƙiyinsa, shi ya sa ake bin katanga da yaɓe kafin damina. Ilimi ne na gaskiya a muhallinsa. Kuskuren shi ne ɗora shi a kan abin da halinsa ya saɓa. Ka tuna buhun simintin da aka manta a ɗaki mai danshi: bai ga rana ba ko sau ɗaya, amma ya zama dutse. Ka dubi ginshiƙan gadar Makurɗi da ke tsaye cikin kogin Binuwai shekara da shekaru ba su narke ba.

Abin da ke faruwa shi ne, garin siminti yana shan ruwa ya rikiɗa ya zama wani abu dabam. Daga kowace ƙwayar gari wasu siraran zaruruwa ke tsirowa, ido ba ya ganinsu, suna sarƙewa da juna suna riƙe yashi da tsakuwa, kamar yadda saiwar gero ke riƙe ƙasar kunya. Ɗora hannu a kan dekin da aka zuba jiya, za ka ji ɗumi yana fitowa daga cikinsa. Aikin ke nan yana gudana. Muddin da danshi, tsiron yana ci gaba. A kwana bakwai kankare kan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sauran ya biyo a hankali zuwa kwana 28. In ruwan ya ƙafe a kwana na biyu, tsiron ya tsaya cak, kamar shukar da aka daina yi wa ban-ruwa tana da ganye biyu. Mata sun fi mu sanin wannan. Wadda ta yi ƙunshi takan naɗe ƙafarta da leda ta kwana da ita, don ta san lallen da ya bushe da wuri ba ya kamawa. Tuwon da aka sauke kafin ya turara ma zai ɗaure a malmala, ka gan shi kamar ya yi, sai ka kai baki ka ji gari. Iskar hunturu ta fi rana ɓarna a nan, domin tana zuƙe danshin cikin sanyi, mai gini bai ma yi tunanin ɗauko bokiti ba.

Sai dai ruwan da ke gyara bayan zubi shi ke ɓata kwaɓi in ya yi yawa. Buhu mai kilo 50 ba ya buƙatar abin da ya wuce jarka ɗaya mai lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma ƙasa da haka. Leburori kuwa sun fi son kwaɓin ya yi ruwa-ruwa kamar koko, don ya fi sauƙin ɗiba a kwanon sarki, ya fi saurin bi tsakanin rodi. Rarar ruwan nan in ta fita sai ta bar ƙananan ramuka kamar cikin funkaso, ta nan danshi zai shiga ya sa wa rodi tsatsa. Mun juya abin ke nan: muna malala ruwa a lokacin da ya kamata a auna shi, muna tsimin sa a lokacin da ya kamata a malala.

Na taɓa zama a wani gidan bulo ina jiran mota. Aka ɗora bulon da aka buga shekaranjiya, na sa farce na kankari gefen ɗaya, yashi ya zubo kamar gishiri. Na ce wa mai wurin, "Alhaji, wannan ai bai sha ruwa ba." Ya ce, "Malam, ka san nawa 'yan garuwa ke sayar da kura yanzu?" Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, har gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a kan farashi, mai saye bai yarda a ƙara masa kuɗin bulo daidai da haka ba. To daga ina za a cike giɓin? A ƙara baron yashi, a rage ban-ruwa, a sayar da wuri. Mai gida shi ma yana matsa wa birkila a cire katakon da ke tallafe da dekin bayan mako guda don a mayar wa mai haya, alhali injiniya mai tsoron Allah zai ce a bar shi mako uku.

Muna da kundin dokokin gini na ƙasa tun 2006, muna da hukumomin tsara birane da ke karɓar kuɗin izini. Abin da nake so in gani shi ne ma'aikacinsu ya tsaya a gidan bulo, ya ɗauki guda uku a kai ɗakin gwaji. Kafin ranar ta zo, mai gini na iya tambayar ranar da aka buga bulon da zai saya, ya ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ya sake shi a ƙasa ya ga ko zai wargaje. In ya zuba dekin, ya yi masa 'yar kunya da yashi a gefe-gefe ya tara ruwa a kai, ginshiƙai kuma ya naɗe su da buhunan algarara yana jiƙawa safe da yamma, aƙalla kwana bakwai.