Ɗan uwan kanwa da ba a lasa

Duk ɗan kasuwar da ke fatauci tsakanin Agadas, Arlit, Assamaka da Tamanrasset ya san kanwa, ya kuma san yadda take tsatsowa ta bushe a kan ƙasa. To, jama'a, akwai wani dutse da ke fitowa ta irin wannan hanya, amma shi guba ne.

Masana suna kiransa andasonait. Sinadarin da ke cikin kanwa yana cikinsa, sai dai ya haɗu da ƙarfen yuraniyom. Yakan samu ne idan ruwa ya ratsa dutsen yuraniyom sannan ya ƙafe, ya bar ɓawo mai launin ɗorawa da ya ja zuwa kore a bangon rami. Yana da taushi, yana narkewa a ruwa, shi ya sa ya fi daɗewa a busassun wurare. An fara bayyana shi a 1951 daga wata mahaƙa a jihar Arizona ta Amurka, kuma samunsa sai an tona.

Me ya kawo zancensa a shafinmu? Hanyar fataucinmu a kan ƙasar yuraniyom take. A yankin Hoggar, kudu maso yammacin Tamanrasset, akwai shi kwance a Timgaouine da Abankor. A Arlit kuwa tun 1971 aka fara haƙarsa. Tururin da yake fitarwa ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai na'ura. Ƙurarsa na cutar da huhu, in ya shiga ciki ya taɓa ƙoda.

Haɗarin bai tsaya ga duwatsu ba. A In Ekker, arewa da Tamanrasset, Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 a ƙarƙashin dutse daga 1961 zuwa 1966, kuma na ranar 1 ga Mayu 1962 ya ɓalle waje. Bayan tafiyarsu mutane sun yi ta kwasar tagulla da ƙarafa daga wurin. A 2003 ma ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta gano gurɓatattun ƙarafa a kasuwar Arlit.

Don haka muna jan hankalin 'yan uwa: dutse mai kyan launi ko ragowar ƙarfe da ba a san asalinsa ba, kada a lasa, kada a daka, kada a haɗa shi da buhun dabino ko gero, kada a ƙera tukunya da shi. A tambayi inda ya fito kafin a yi ciniki. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mu.