Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

A watan Satumba na shekarar 2010, a wani asibitin yara da ke birnin Seattle na ƙasar Amurka, wata ma'aikaciyar jinya wadda ta shafe fiye da shekara ashirin tana hidimar yara marasa lafiya ta yi kuskuren lissafi, ta ba wata jaririya mai ciwon zuciya ninki goma na maganin da likita ya rubuta. Kuma ko da yake ita da bakinta ta bayyana abin da ya auku, ko da yake kuma ba a tabbatar cewa kuskuren shi kaɗai ne sanadin ajalin jaririyar da ta rasu bayan 'yan kwanaki ba, sai aka sallame ta daga aiki, hukumar jinya ta kafa mata bincike, ƙofofin sana'arta suka rufe a gabanta, har a watan Afrilu na 2011 ta kashe kanta. Masifa ɗaya ta ci gida biyu, alhali na biyun ana iya kare shi.

Shekara goma kafin wannan, a 2000, wani likita na Jami'ar Johns Hopkins mai suna Albert Wu ya rubuta gajeriyar maƙala a mujallar likitoci ta BMJ, inda ya nuna cewa duk sa'ad da aka cutar da majinyaci bisa kuskure, bayan shi da iyalinsa, waɗanda su ne na farko a asara kuma na farko a haƙƙi, akwai mutum na biyu da ya ji rauni ba a gani, watau likita ko nas ko mai haɗa magani wanda abin ya faru a hannunsa. Maganar ta zo a kan gaɓa, domin a 1999 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin mutum 44,000 da 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran jinya; daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin waɗannan haɗurra sun kai miliyan 134 a shekara, suna jawo mutuwar mutum miliyan 2.6. Bayan kowane ɗaya akwai ma'aikacin da ya koma gida da nadama, barci ya ƙaurace masa, yana maimaita abin a zuciyarsa dare da rana, yana shakkar iliminsa, hannunsa na rawa in ya zo kan majinyaci na gaba. Wani binciken da aka yi a Jamus a tsakanin matasan likitoci ya sami cewa kashi 59 cikin ɗari sun taɓa shiga wannan hali. Illar kuwa ba ta tsaya a kansu ba, gama wanda hankalinsa ya rabu biyu ya fi kusa da sake kuskure, wanda kuma ya ga yadda aka wulaƙanta ɗan'uwansa ba zai ƙara bayyana nasa ba, sai aibin da ke cikin tsarin aikin ya zauna a ɓoye yana jiran wani majinyacin.

Asibitocin da suka fara ɗaukar mataki sun gane cewa wanda ya fi iya sanyaya zuciyar mai sana'a shi ne abokin sana'arsa. A Jami'ar Missouri, ƙarƙashin jagorancin wata ma'aikaciyar jinya, Susan Scott, an buɗe shirin forYOU a 2009 bisa matakai uku: na farko kulawar abokan aiki da shugaban sashe nan take, na biyu ganawa da waɗanda aka horar musamman daga cikin ma'aikatan, na uku miƙa mutum da gaggawa ga masanin halayyar ɗan Adam ko malamin addini idan raunin ya yi zurfi. A 2011 asibitin Johns Hopkins ya kafa nasa, mai suna RISE, wanda ake iya kira dare ko rana, kuma wani lissafi da aka yi ya nuna yana iya rage wa asibitin asarar dala miliyan 1.81 a shekara, ta fuskar ma'aikatan jinya da da sun bar aiki ko sun yi fashinsa. Asibitin Hietzing na birnin Biyana a Ostiriya shi ma ya bi sawu.

To, a nan ne mas'alar shahada, watau takardar shaidar inganci, ta taso. Da irin waɗannan shirye-shirye suka yawaita, sai aka ga cewa ba duk abin da aka raɗa wa sunan tallafi ne tallafi ba: wani asibitin lambar waya kawai ya manna a bango, wani ya ɗora nauyin a kan mutum ɗaya mai kirki wanda in an canja masa wurin aiki shirin ya mutu, wani kuma, wanda ya fi muni, ya naɗa mutumin da ke binciken laifi ya zama shi ne mai lallashi. Majalisar ingancin jinya ta Amurka ta sa kula da ma'aikaci cikin jerin ayyukan kiyaye lafiyar majinyata, a 2018 kuma hukumar da ke tantance asibitocin ƙasar ta fitar da nasiha a kan haka. Amma nasiha dabam, ma'auni dabam. Saboda haka masu bincike na Turai, waɗanda suka haɗu tun 2020 a wata ƙungiya mai suna ERNST ƙarƙashin shugabancin Farfesa José Joaquín Mira na ƙasar Sifen, suka tsara wani tsarin ba da shahada da suka kira RESCUE, wanda ke auna abu biyu: shirin da asibiti ya kafa, da kuma horon da ake ba ma'aikatan da za su tsaya wa 'yan'uwansu. Hikimar ba baƙuwa ba ce gare mu, domin ɗalibi ba ya ba kansa ijaza, sai malamin da ya saurari karatunsa ya gamsu.

Abin da ya wajaba mai tantancewa ya bincika, a ganina, ba kyan takardu ba ne. Ya tambaya ko nas ɗin da ke aikin dare, da mai shara, da ɗalibin likitanci, sun san shirin yana nan kuma sun san ƙofarsa; ya tambaya sa'a nawa ke wucewa tsakanin aukuwar abu da isowar mai taimako; ya duba ko an koya wa masu taimakon sauraro ba tare da yanke hukunci ba, da gane alamar wanda ke tunanin halaka kansa, da sanin iyakar da za su tsaya su miƙa shi ga gwani; ya duba ko hukumar asibiti ta ware musu lokaci da kuɗi, ko kuwa sadaka suke yi da lokacin hutunsu har su ma su gaji. Sharaɗin da ya fi duka nauyi shi ne amana. Idan abin da likita ya faɗa cikin kuka zai iya bayyana gobe a gaban kwamitin ladabtarwa, ba wanda zai buɗe baki, kuma shahadar da ba ta gwada wannan ba ba ta da fa'ida ko da an rubuta ta da ruwan zinariya.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da hujja. A 2019 waɗansu masu kare haƙƙin majinyata, cikinsu har da iyayen da suka rasa 'ya'ya ta hanyar kuskuren jinya, sun rubuta a mujallar BMJ cewa kiran ma'aikaci da sunan mutum na biyu da aka cuta yana iya zama hanyar sauke alhaki daga wuyansa. Lalle wannan gargaɗi ne da bai kamata a yi watsi da shi ba. Tallafa wa ma'aikaci ba ya soke bincike, ba ya soke faɗa wa iyali gaskiya da neman gafararsu da biyansu abin da ya hau, ba ya kuma rufa wa mai ganganci asiri. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wannan: Ibnul Ƙayyim ya kasa masu magani gida biyar ta fuskar lamuni, ya bambanta jahilin da ya kutsa cikin abin da bai sani ba da ƙwararren da aka yi wa izini amma hannunsa ya goce, kuma a hukuncin kisan kuskure, diyya ba ta faɗuwa, sai dai dangi su taru su ɗauke ta. Haƙƙin wanda aka cuta ya tabbata, mai kuskure kuma ba a bar shi shi kaɗai ba. Wannan daidaito shi ne abin da shahada ta gari za ta nema a asibiti.

A ƙasashenmu, inda likita ɗaya kan duba jama'a masu ɗimbin yawa a wuni, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ungozoma ta kwana ita kaɗai a ɗakin haihuwa, sabubban kuskure sun fi yawa, masu ɗaukar nauyinsa kuma sun fi ƙaranci, kuma kowane ɗaya da ya bar aiki saboda karayar zuciya giɓi ne da ba a cike shi da wuri. Ba sai an jira kuɗi mai yawa ba. Ina kira ga shugabannin asibitocinmu da ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya da su zaɓi amintattu daga cikinsu su horar da su, su rubuta ƙa'idar sirri su raba ta da ofishin ladabtarwa, sa'an nan su gayyato waɗanda ba na gida ba su zo su auna aikin, su faɗi gaskiyar abin da suka gani.