Doki nawa ne a cikin injin? Daga warshar Dubai zuwa bakin kogin Sinja

Duk mai ɗan'uwa a Dubai ko Riyad ya taɓa ganin irin wannan bidiyon a waya. An ɗaure mota da manyan ɗamaru, tayoyinta na kan wasu gangunan ƙarfe da aka binne a ƙasa. Direba ya taka mai, inji ya yi ruri, tayoyi na gudu amma mota ba ta gusa ba. Can sai lamba ta fito a fuskar kwamfuta, samari su kaure da sowa. Irin waɗannan motoci ne, Nissan Patrol da Land Cruiser da aka sake wa ciki, ake kai wa tudun yashi na Tal Mur'ib da ke Liwa a Abu Dabi don gasar hawa.

Na'urar da ke ƙarƙashin motar sunanta dainamomita, makanikai na yanke shi su ce daino. Aikinta ɗaya ne: ta faɗi ainihin ƙarfin inji, ba abin da aka rubuta a jikinsa ba. Mai kallo daga Sinja ko Mai Wurno zai iya cewa wasan masu kuɗi ne. To amma tambayar da samarin nan ke biyan kuɗi don su ji amsarta, ita ce manomin Dali da Mazmum ke yi ranar da zai sayi tarakta ta hannu, ita ce kuma mai lambu a bakin kogi ke yi a gaban baburin ban-ruwa. Bambancin kawai, su suna neman abin alfahari, shi kuwa abincin shekara ya ɗora a kai.

Mene ne dokin?

Husan ɗin da ake faɗa a kasuwa ya samo asali ne daga James Watt, injiniyan Sikotilan na ƙarni na 18, wanda ya so ya nuna wa masu saye yawan dawakan da injinsa na tururi zai maye gurbinsu. Dokin Ingila wat 746 ne. Akwai kuma na ma'aunin mita, wat 735 da ɗoriya, kuma shi ya fi sauƙin ganewa: ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama, tsawon mita ɗaya, cikin daƙiƙa ɗaya. Tunda litar ruwa kilo ɗaya ce, doki ɗaya ke nan lita 75 a mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya.

Daino ba ya ganin doki kai tsaye. Abu biyu yake aunawa: ƙarfin murɗa, wato irin ƙarfin da hannu ke sa wa sifana wajen kwance kusa, da kuma yawan juyin inji a minti. Sai a ninka su. Injin da ke murɗa niyuton-mita 300 a juyi 2,000, in aka ninka aka raba da 9,549, zai ba da kilowat 63, kusan doki 85. Shi ya sa ƙaramar mota da tarakta za su iya zuwa doki ɗaya a takarda, amma ƙaramar motar ba za ta ja garma ba. Ita da saurin juyi ta tara nata, tarakta kuwa da murɗa mai nauyi a juyi kaɗan.

Dabarar tsohuwa ce. A 1821 Bafaranshe Gaspard de Prony ya ƙera birkin katako da ke matse sandar inji, a rataya nauyi a hannunsa a karanta. A 1877 William Froude na Ingila ya kawo mai birkin ruwa. Na zamani na amfani da lantarki da kwamfuta, amma har gobe hikimar ɗaya ce: ka danne inji da kaya, ka ga abin da zai iya.

Lamba biyu, mota ɗaya

Akwai dainon da ake ɗora inji shi kaɗai, akwai wanda ake hawa da mota gaba ɗaya. Na biyun kullum lambarsa ta fi ƙanƙanta, don giya da difiranshal da tayoyi suna cin rabonsu kafin ƙarfi ya taɓa ƙasa. Masu sana'ar kan ƙiyasta wannan asara tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, gwargwadon mota. Saboda haka in aka ce maka doki kaza, tambaya ta farko ita ce: a ina aka auna?

Ta biyu kuma: a wane yanayi? Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE J1349, tana mayar da kowane awo kamar an yi shi a zafin digiri 25. A zafin digiri 40, wanda ba baƙo ba ne a Sinja cikin Afrilu da Mayu, iska ta fi sakayau da kusan kashi 5 cikin ɗari. Injin da ba shi da turbo zai shaƙi iska kaɗan, ya ƙona jaz kaɗan da kyau. Direban da ke cewa lorinsa ta fi ja da asuba ba camfi yake yi ba.

Mu ma muna da namu gyararrun

Sudan ba baƙuwar sake wa mota halitta ba ce. Lorin Bedford da ta shigo daga Ingila, ustocin warsha a garuruwa irin su Ubayyid da Shandi sun warware ta sun sake ɗinkawa, sun ƙarfafa shasi da sifirin don ta ɗauki kayan da masu ƙera ta ba su yi mafarki ba, ta kuma ratsa yashi da laka. Direbobi suka raɗa mata Sifinja, don laushinta kamar silifa. Har wata mai bincike Bajamushiya, Valerie Hänsch, ta yi fim a kanta a 2009. Wannan fasaha da ido da kunne da tafin hannu aka gina ta, kuma ta ci a yaba.

Sai dai kunne na da iyaka. Abin da aka fi yi in ana son ƙarin ƙarfi shi ne a buɗe turumbar jaz ta riƙa zuba da yawa. Inji zai canza murya, ya tashi da zafin nama, ya turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi. Baƙin hayaƙin nan jaz ne da bai samu iskar da zai ƙone ba, wato kuɗinka ne ke fita ta salansa. Ƙarfi kan ƙaru kaɗan, zafin cikin inji kuwa ya ƙaru da yawa, fistan da kan silinda su biya bashin daga baya. A kan daino ana ganin inda ƙarin jaz ya daina ƙara doki. A kunne kuwa, ƙara ce ke ci gaba da ƙaruwa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Manomin da ya kai ƙara majalisa

Cinikin inji bisa maganar baki ya taɓa ƙona manoman Amurka. Wilmot Crozier, manomi a jihar Nebraska, ya sayi tarakta da ta kasa yin abin da aka yi masa alkawari. Da ya shiga majalisar jiha, ya tsaya har aka yi doka a 1919 cewa duk samfurin taraktar da za a sayar a jihar sai jami'ar Nebraska ta gwada shi ta buga sakamako. An fara gwajin a 1920, kuma ɗakin gwajin na nan a Lincoln yana aiki har yau.

Darasin ya fi kama mu a yanzu. Sinja ta fita daga hannun soja a ƙarshen Yunin 2024, ta dawo a Nuwamban shekarar, kuma yaƙin ya ci motoci da injinan noma na mutane da dama. Wanda ke son komawa gona, galibi inji na hannu ko wanda aka yi wa garambawul zai saya, da kuɗin da aka haɗa da ƙyar. Fenti sabo, lamba a jiki, dillali na rantsuwa. Ba a cinikin biri a sama.

Awon da ba ya buƙatar kwamfuta

Kafin daino ya iso warshoshinmu, mai lambu na da nasa: barmil da agogon waya. A ce turumba ta cika barmil mai lita 200 cikin daƙiƙa 10, lita 20 ke nan a daƙiƙa. In daga fuskar kogi zuwa bakin bututu mita 12 ne, ninka 20 da 12, ka raba da 75. Doki 3 da ɗan kai ne suka isa ruwan. Kada ka yi saurin cewa an cuce ka in an rubuta 8 a jikin baburin, don turumba da bel da bututu suna cin kaso mai yawa. Amfanin lambar a kwatance yake: auna kafin gyara, auna bayan gyara, ko ka ɗaura injina biyu a turumba ɗaya.

Mai tarakta shi ma haka. Cika tanki fal, yi huɗar awa ɗaya da garma ɗaya a ƙasa iri ɗaya, ka auna faddanin da ka ci da jaz ɗin da ka mayar. Mai lori ya ɗauki kaya ɗaya a hanya ɗaya, ya duba lokaci da allurar zafi da launin hayaƙi. Inji ba ya nuna halinsa yana tsaye ana taka masa mai a banza, sai an ɗora masa kaya ya yi zafi.

In mai sayarwa ya amince da injinsa, ba zai ƙi a kai shi bakin kogi a cika barmil ba. In kuwa ya fara kawo uzuri, to ka riga ka samu awonka.