Sule, Sisi da Dala: Tsoffin Kalmomin Turanci a Kasuwar Gaya

Gaya gari ne na mahaɗa. Gadar da ke kan kogin Kwara tana tsallakar da mutum zuwa Malanbil a ƙasar Benin, hanyar gabas kuma tana kai shi Kamba a jihar Kebbi. Faransa ce ta mulki Gaya, amma Hausar da ake ciniki da ita tsakanin garin da Kamba cike take da kalmomin Turancin Ingila, waɗansunsu ma Turawan da kansu sun daina amfani da su tun da daɗewa. Sanin ma'anarsu yana da amfani, musamman inda kuɗi ya shiga.

Kafin Najeriya ta fito da naira ranar 1 ga Janairu 1973, lissafinta irin na Ingila ne: fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Fam daga pound ta fito, sule daga shilling, kwabo kuwa daga copper, wato jan ƙarfen da ake ƙera ƙaramin tsabar da shi. Sisi rabin sule ne, kwabo shida, kuma sunan lambar shida ce ta Turanci bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Haka nai, kwabo tara. Akwai taro, kwabo uku, da anini mai huda a tsakiya, wanda sai an tara goma suke zama kwabo. Ingila ta yi watsi da wannan lissafi a watan Fabrairun 1971, don haka yaron Landan na yau bai taɓa sayen komai da sule ba. Mu kuwa har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake yi ba shi da ko sisin kwabo, ko da a ƙasar sefa aka haife shi.

Da naira ta zo, tsoffin sunayen ba su mutu ba, sabon gida suka samu. Fam ta zama naira biyu, sule kwabo goma, sisi kwabo biyar. Shi ya sa dattijon Kamba zai ce fam biyar yana nufin naira goma.

Inda ya kamata a buɗe kunne sosai shi ne dala da jaka. Dala 'yar'uwar dalar Amurka ce wajen suna, kuma dukansu daga wata kalmar Jamusanci suka samo tushe, sunan wani babban tsabar azurfa. Irin wannan tsabar mai hoton sarauniya Mariya Tereza, mai ɗauke da shekarar 1780, ya yi yawo a ƙasar Hausa ta hannun fatake tun kafin Turawa su kafa mulki. A ɓangaren Ingilishi sai sunan ya koma kan sule biyu. A ɓangaren Faransa ya koma kan tsabar faran biyar, kuma a nan ya zauna daram: a Gaya, kamar sauran Nijar, da dala ake ƙirga sefa. Mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Ta ce dala ɗari, 500 ke nan. Baƙon da ya zo daga Birnin Kebbi bai san wannan ba, sai ya miƙa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, a yi ta musu alhali babu wanda ya yi niyyar cuta.

Jaka kalmarmu ce, amma tsohon lissafin Turawa ne a cikinta. A Najeriya jaka ɗaya fam 100 ce, wato naira 200. A Nijar, inda ake ce mata jika, sefa 1,000 ce, dala 200. Saboda haka duk cinikin da aka ƙulla da "jaka goma" a bakin iyaka, ko na shanu ne ko na buhun masara, wajibi ne a fayyace ta wace ƙasa ce kafin a ce an sallama.

Ban da kuɗi, akwai kalmomin da ma'anarsu ta yi nisa da inda ta taso. Kanti daga canteen take. A Turancin yau wurin cin abinci ne na ma'aikata ko ɗalibai, amma a zamanin mulkin mallaka haka ake kiran shagunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC, inda ake sayen gyaɗa da fata, a sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Wannan tsohuwar ma'ana ce Hausa ta riƙe. Bariki ta fi kowacce tafiya mai nisa. Asalinta mazaunin soja, sai ta koma unguwar Turawa da ma'aikatansu, can bayan ganuwa inda idon iyaye da hukuncin sarki ba su cika kaiwa ba. Daga nan aka samu ɗan bariki da zaman bariki, maganar da ta koma ta hali da tarbiyya.

Boyi kuwa kalma ce mai ɗaci. Ma'anarta yaro, amma da ita Bature ke kiran magidanci mai furfura da ke masa wanki da shara, kuma Faransawa ma sun ari wannan kalma sun yi amfani da ita a gidajensu. A ganina bai dace a yau a kira mai aikin gida da ita ba, tunda muna da namu sunayen da ba su ƙasƙantar da mutum.

Waɗanda suke gab da ɓacewa su ne sunayen mulki. Razdan shi ne Baturen da ke kan lardi, Di'o na ƙarƙashinsa yana zaga gundumomi, En'e kuma hukumar sarki ce mai baitulmali da kotu da 'yan doka, wadda ƙananan hukumomi suka gaje ta, gyaran 1976 ya kammala sauyin. Mutanen Gaya ba su yi zama ƙarƙashin waɗannan ba. Nasu Baturen mulkin kumandan ake ce masa. Don haka idan tsoho ya ce mahaifinsa ya yi aikin En'e, ya gaya maka cewa gidansu daga tsallaken iyaka yake, ta wajen Kamba ko Argungu.