Hunturu da ƴan kabu-kabu: sanyin bisa moto ya fi na ƙasa

Daga watan Nuwamba har zuwa Fabarairu, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamada ɗauke da ƙura, wadda da yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A irin wannan lokaci, da an sallame sallar asuba, mai hali yakan koma cikin bargo, shi ko ɗan kabu-kabu sai ya tada moto. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙwanni, shi ke kai yara lakkal, mata kasuwa, matafiya tasha. In bai fita ba, tukunya ba ta hawa murhu a gidansa.

Cikin watan Janairu, sanyin safiya a waɗannan garuruwa yakan sauko wajen digiri 13 zuwa 15, wani lokaci ma ƙasa da haka. Amma abin da ma'auni ya nuna daban, abin da jikin mai tuƙi ke ji daban. Jikin mutum na ɗumama ƴar iskar da ke manne da fata, gudun moto kuwa kwashe ta yake yi. Bisa lissafin da masana yanayi na Kanada da Amurka suka fitar a shekara ta 2001, in ma'auni ya nuna digiri 10, mutum kuma yana gudun kilomita 50 a awa, jikinsa zai ji kamar digiri 5 ne.

Nan haɗarin yake. Yatsun da suka ƙage da sanyi ba su kama birki da sauri. Idon da ƙura ta cika da hawaye ba ya hangen rami, ko amalanke cikin hazo.

Waɗanda suka daɗe cikin wannan sana'a sun san cewa riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi babbar riga guda riƙe ɗumi, saboda iskar da ke tsakaninsu. Ta bisa ya kamata ta zama wadda iska ba ta ratsawa, irin ta leda ko ta fata da ake samu wajen masu gwanjo. Wanda bai da halin saye, sai ya linke tsohuwar jarida ya sa bisa ƙirji ƙarƙashin riga. Masu tseren keke na ƙasar Faransa sun daɗe suna yin haka in za su gangaro daga duwatsu. Safar hannu da takalmi rufaffe wajibi ne. Mai ƙaramin moto irin na Vespa ya ɗan more, domin garkuwar gaba na tare masa ƙafafu, amma ƙirji da hannuwa a fili suke.

Rawani na kare hanci da baki daga ƙura, sai dai a soke jelarsa da kyau, kada ta faɗa cikin taya ko sarƙa ta fisgi wuya. Kuma rawani ba ya maye gurbin kaske, wanda ke tsare kai daga sanyi da kuma kwalta. Man kaɗe na hana leɓe da hannuwa tsagewa. In hazo ya yi kauri, a kunna fitila ko da rana ce, a rage gudu. A riƙa duba matatar iskar injin, domin ƙura na toshe ta, moto ya yi ta shan mai.

Akwai samarin da ke haɗiyar ƙwayar tramol wai don su jure sanyi da gajiya. Ƙwayar ba ta ɗumama kowa: ɓoye ciwo take, ta kawo gyangyaɗi, wani lokaci har da farfaɗiya bisa hanya. Kofin shayi ko kunu mai zafi, da ɗan hutu cikin rana, sun fi ta amfani.

Mai hawa kabu-kabu shi ma yana da nasa kaso. Ya rufe jikin yaron da zai ɗora bisa moto, kada kuma ya matsa wa mai tuƙi da cewa ya yi sauri. Allah ya kiyaye hanya, amin.